Mai Neman Mafaka Ba Mai Laifi Ba Ne, Ko Da Ba Shi Da Biza

Lacca ga malaman shari'a, ɗalibai da 'yan jarida

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan kama magana kai tsaye.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: mutumin da ya isa wata ƙasa ba biza, ya ce mafaka yake nema, laifi ya yi ko kuwa? Amsata ita ce wadda wasu abokan aikina da ke zaune a nan suka gaji da ji daga bakina. Neman mafaka haƙƙi ne, wanda ya zo nemansa bai yi abin hukunci ba, kuma ƙasar da ta ɗaure shi saboda hanyar da ya shigo ita ce ta saɓa alkawarin da ta sa wa hannu. Rigimata da ɓangare biyu ce. Na farko ɗakunan labaranmu, inda ɗalibin da bizarsa ta ƙare, da saurayin da ya tafi ci-rani, da matar da ta tsero daga yaƙin Darfur da goyo a bayanta, duk ake haɗa su a kira su baƙin haure. Na biyu jami'an gwamnati, na Turai da namu na gida, waɗanda suka san bambancin sarai amma suka ga ribarsu tana cikin rufe shi.

Ba zan ɓata muku lokaci da tarihin Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 da ƙarin da aka yi mata a 1967 ba, kun karanta su. Abu ɗaya kawai zan tuna muku. Waɗanda suka zauna a Jeniba suka tsara ta ba su manta da jirgin ruwan St. Louis ba, wanda ya tashi daga Jamus a 1939 da Yahudawa fiye da 900, Kiyuba ta hana su sauka, Amurka da Kanada suka juya musu baya, jirgin ya koma Turai, daga baya 'yan Nazi suka hallaka fiye da 250 daga cikinsu. Takarda ce ta hana su sauka. Shi ya sa aka rubuta sashe na 31, wanda ya hana ƙasa hukunta ɗan gudun hijira saboda ya shigo ko ya zauna ba da izini ba, muddin daga inda ake barazana ga ransa ko 'yancinsa ya fito, ya miƙa kansa ga hukuma ba da jinkiri ba, ya kuma nuna dalili mai kyau. Sashe na 33 ya hana a mayar da shi inda ya gudo.

Wani zai ce ai sashen da kansa ya yarda an karya dokar shige da fice. Haka ne, ya yarda. Ya san mai gudun ceton rai zai ƙetare iyaka da dare, zai riƙe fasfon bogi, zai bi ta daji, sannan ya ce kada a hukunta shi a kan haka. A shari'a kuwa, aikin da doka ta ɗauke wa hukunci saboda larura, mai aikata shi ba a kiransa mai laifi. Ku ƙara da wannan: mutum yana zama ɗan gudun hijira ne tun ranar da abin da ya koro shi ya koro shi. Takardar da hukuma za ta ba shi daga baya shaida ce kawai ta abin da ya riga ya tabbata. Saboda haka kafin a saurari ƙorafinsa, babu jami'in da ya isa ya yanke cewa ba ya cikin masu wannan kariya.

Yanzu ga hujjar da na fi dogara da ita, kuma zan daɗe a kanta. Masu cewa “ya nemi biza mana kamar kowa” ina roƙonsu su nuna mini ofishin da ake bayar da bizar neman mafaka. Ku ɗauki Birtaniya. Dokarta ta ce sai mutum yana cikin ƙasar sannan zai iya neman mafaka. Ɗan Afganistan, ɗan Siriya, ɗan Iritiriya, ɗan Sudan, ɗan Iran, dukkansu sai da biza za su shiga. A cikin jerin bizojinta babu ta mai neman mafaka. In ya nemi ta yawon buɗe ido, sharaɗinta shi ne ya gamsar da jami'i cewa zai koma gida, wanda kuwa gidan ne ya koro shi ba zai iya wannan rantsuwa ba sai da ƙarya. In ya ce zai hau jirgin sama haka nan, tun 1987 Birtaniya ke cin tarar kamfanin da ya ɗauko fasinja ba cikakkun takardu, tarar da ta kai fam 2,000 a kan kowane mutum. Ma'aikacin kamfanin jirgi a filin tashi shi ya zama jami'in shige da fice, kuma shi ba ruwansa da sashe na 31, aikinsa yake karewa. Ga tsarin a taƙaice: ba ka neman mafaka sai ka shigo, ba ka shigowa sai da biza, bizar kuma babu ita.

Kada ku ce Birtaniya ce kaɗai. Wani iyali daga birnin Halab na Siriya sun je ofishin jakadancin Beljiyam a Beirut suka nemi bizar jin ƙai don su je su nemi mafaka ta hanyar da ta dace. An hana su. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, a watan Maris na 2017 ta yanke cewa dokar Tarayyar ba ta tilasta wa wata ƙasa ta bayar da irin wannan biza ba. Waɗannan mutane sun yi abin da ake cewa a yi, sun ƙwanƙwasa ƙofar gaba, aka ce musu ba a buɗe ta.

To ina mutum zai bi? Sai ruwa. A 2018 waɗanda suka ƙetara mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a ƙananan kwale-kwale ba su kai 300 ba. A 2022 sun haura 45,000. A ranar 24 ga Nuwamba 2021 aƙalla mutum 27 suka nutse a tafiya ɗaya. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Kuma alƙaluman gwamnatin Birtaniya da kanta sun gaskata haka: a 2022, kusan uku cikin huɗu na buƙatun mafaka da aka yanke wa hukuncin farko an amince da su, na 'yan Afganistan da Siriya da Iritiriya kuwa sun haura kashi 90 cikin ɗari. Ma'aikatar da ministanta ke tsayawa a majalisa yana zagin waɗannan mutane, ita ce ma'aikatanta ke zama su duba takardunsu su ce gaskiya suka faɗa.

Ku gwada wannan da Yukiren. Da Rasha ta auka mata a Fabrairun 2022, cikin makonni kaɗan Tarayyar Turai ta buɗe kariyar wucin gadi wadda mutum fiye da miliyan 4 suka shiga ƙarƙashinta, Birtaniya kuma ta ƙirƙiro biza ta musamman ta bai wa fiye da mutum 200,000. Kun taɓa jin labarin ayarin 'yan Yukiren a kwale-kwalen roba? Ba ku ji ba, domin sun hau jirgin ƙasa da na sama. Yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, ba a buɗe wa 'yan Sudan irin wannan hanya ba, ga su nan cike da kwale-kwalen. Bambancin ɗan Yukiren da ɗan Sudan ba na ɗa'a ba ne ko na son bin doka. Ɗaya an ba shi takarda, ɗaya an hana shi. Gwamnati ce ke zaɓar wanda zai shigo da izini, sannan ta juyo ta kama wanda ta hana da laifin rashin izini.

Alƙalan Ingila ma sun faɗa. A shari'ar Adimi ta 1999, Mai Shari'a Simon Brown ya yanke cewa kariyar sashe na 31 ta haɗa da mai riƙe da fasfon bogi, da wanda ya ɗan yada zango a wata ƙasa a kan hanya, da wanda ba a gama duba buƙatarsa ba. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Kakaei da waɗanda suka biyo ta, ta soke hukuncin da aka yi wa masu neman mafakar da suka tuƙa kwale-kwale, domin a dokar shige da fice ta 1971 wanda aka tsamo a ruwa aka kai tashar jirgi ya gabatar da kansa ga hukuma bai shiga ƙasa ta haramtacciyar hanya ba. Me gwamnati ta yi? Ta koma majalisa a 2022 ta mai da isowa kanta ba izini laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu. Da a ce tun da can laifi ne, da ba a buƙaci sabuwar doka ba. Sai shirin tasa ƙeyar mutane zuwa Ruwanda, wanda Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a Nuwamban 2023. Da sabuwar gwamnati ta soke shi a Yulin 2024, ta ce ya lashe fam miliyan 700, mutum huɗu ne kacal suka tafi, su ma da son ransu. Ostireliya ta riga su tun 2001 da tsare mutane a tsibirin Nauru da na Manus, kuma mafi yawan waɗanda aka tantance a can an same su 'yan gudun hijira na gaskiya.

Hujjojin ɗaya ɓangaren na san su, ba za su ɗauke mu lokaci ba. Suna cewa masu kwale-kwale tsallake layi suke yi. Babu layin. Waɗanda ake ɗauka daga sansanoni a sake musu matsuguni a wata ƙasa ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba a shekara. Suna cewa dole mutum ya tsaya a ƙasar farko mai zaman lafiya. Yarjejeniyar 1951 ba ta ce haka ba, tsarin Dublin ne na Tarayyar Turai, Birtaniya kuma ta fita daga cikinsa da ƙafarta a ƙarshen 2020. Ban da haka, kusan bakwai cikin goma na 'yan gudun hijira a maƙwabtan ƙasashensu suke zaune, ku je Adre a gabashin Chadi ku gani. Suna cewa wasu neman kuɗi ya kawo su. Akwai su, kuma don su aka yi tantancewa: a saurari kowa, wanda bai cancanta ba a mayar da shi gida. Sauraron ne ba a tsallakewa.

Kada mu zauna muna nuna Turawa da yatsa kamar hannunmu tsarkakakke ne. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta fi ta Jeniba faɗi, domin ta haɗa da wanda mamaya ko rikicewar zaman lafiya ta kora, kuma ta hana a juya shi daga bakin iyaka. Duk da haka, a 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa sojojin Kamaru sun tasa ƙeyar 'yan Najeriya fiye da 100,000 da suka gudo daga Boko Haram tun 2015, zargin da gwamnatin Kamaru ta musanta. Aljeriya kuwa har yau tana zubar da mutane a hamada kusan kilomita 15 daga Assamaka, ba tare da ta tambayi wane ne mai neman mafaka a cikinsu ba. 'Yan'uwanmu na Barno da suka tsallaka Diffa da sansanin Minawawo, da na Sakkwato da Zamfara da 'yan bindiga suka kora zuwa Maraɗi, nawa ne a cikinsu suka tsaya neman hatimin jami'i kafin su ƙetara? In ma'aunin da muke auna ɗan Iritiriya da shi a labaranmu daidai ne, to su ma masu laifi ne. Ban ga wanda zai tashi a zauren nan ya faɗi haka ba.

Shawarwarina tsofaffi ne, zan sake faɗarsu. Na ɗaya, editoci su ba ma'aikatansu umarni a rubuce: wanda ya nemi mafaka a kira shi mai neman mafaka, wanda aka amince da shi ɗan gudun hijira, kuma kada a kira mutum mai laifi sai kotu ta kama shi da laifi. Na biyu, a koya wa kowane jami'in shige da fice, da ɗan sanda, da sojan da ke bakin iyaka sashe na 31 da na 33 tun a makarantar horo, domin a shingen hanya ake tauye wannan haƙƙi, ba a kotu ba. Na uku, ƙasashen da ke kukan kwale-kwale su buɗe bizar jin ƙai a ofisoshin jakadancinsu, su bar cin tarar kamfanin da fasinjansa ya zo neman mafaka. Ranar da aka yi haka kasuwar masu safarar mutane za ta faɗi. Na huɗu, a kashe kuɗin a kan masu tantancewa da tafintoci da alƙalai, a yanke hukunci cikin watanni maimakon shekaru. Na biyar, kada wata gwamnatin Afirka ta karɓi kuɗi don a jibge mata mutanen da wata ƙasa ta ƙi saurara. Na shida, tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu su mai da dokar 'yan gudun hijira darasin dole. Najeriya ta kafa hukumar 'yan gudun hijira tun 1989, amma ɗalibi na iya gama digirinsa bai taɓa buɗe dokarta ba.

Ku ɗalibai, gobe wasunku ne alƙalai, wasunku lauyoyin gwamnati. Ranar da aka gurfanar da mutum gabanku aka ce ya shigo ba takarda, ku fara tambayar abin da ya koro shi, ku kuma tambayi mai gabatar da ƙara wace takarda ce aka ba shi damar nema ya ƙi. In babu amsa, babu tuhuma.