Yanka Guntun Bidiyo Don Tallata Fodkas Amana Ce

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa mai shirya fodkas ya gabatar wa matasa masu sha'awar wannan aiki.

Bayan sallama da godiya ga mahalarta, mai jawabin ya fara da bayanin cewa fodkas shiri ne na magana, kamar na rediyo, wanda ake ajiye shi a intanet kashi-kashi, mutum ya saurara a lokacin da ya ga dama. Ya ce sunan ya fara fitowa ne a shekarar 2004 a rubutun wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley a jaridar Guardian ta Ingila, sannan a 2005 kamfanin Apple ya sanya irin waɗannan shirye-shirye a manhajarsa ta iTunes.

Ya ci gaba da cewa babbar matsalar fodkas ita ce ba ya zuwa wajen mutane da kansa. Rediyo kana murɗawa ka ci karo da shiri, amma fodkas sai wanda ya san da shi ya je ya nemo shi, ga shi kuma da tsawo, wani awa guda, wani ma fiye. To wa zai ba ka awa guda da kuɗin datarsa alhali bai san ka ba?

A nan ne ya tunatar da mahalarta masu sayar da kaset a bakin masallatan Juma'a, waɗanda sukan kunna wuri mafi jan hankali a lasifika, mai wucewa ya ji, ya tsaya, ya saya. Ya ce guntun bidiyo shi ne lasifikar yau. TikTok ya bazu a duniya bayan haɗewarsa da Musical.ly a 2018, Instagram ya fito da Reels a 2020, a shekarar kuma YouTube ya fara gwada Shorts a Indiya. Dukkansu suna nuna wa mutum bidiyon waɗanda bai taɓa sani ba, gwargwadon abin da ya saba tsayawa ya kalla, kuma ta wannan ƙofa ce baƙo zai riski shirinka.

Dangane da yadda ake aikin, mai jawabin ya kawo abubuwa huɗu. Na farko, a kafa kyamara ko waya tun lokacin ɗaukar shirin, domin ganin fuskar mai magana ya fi riƙe mai kallo. Na biyu, a zaɓi wurin da magana ta cika da kanta, tambaya da amsarta, kamar daƙiƙa 30 zuwa 60, a kuma fara da gundarin maganar, domin doguwar gaisuwa tana sa a wuce. Na uku, a yi bidiyon a tsaye yadda ake riƙe waya, a rubuta maganar a jikinsa saboda masu kallo a mota ko kasuwa ba tare da sauti ba. Na huɗu, a sanya sunan shirin da lambar kashin da inda za a samu cikakkensa, in ba haka ba an yi talla babu shago.

Daga nan sai ya ɗaga murya, ya ce duk wannan mai sauƙi ne, abin tsoron shi ne amana. Mutum zai zo shirinka ya ce, wasu suna cewa kaza, amma wannan kuskure ne. Sai kai ka yanke daga "amma", ka watsa rabin farko, ka ɗora take mai zafi. Cikin kwana ɗaya an yi ta turawa a WhatsApp, ana zaginsa a kan abin da shi kansa ya zo ya rusa. Ya ce duk wanda ya yi haka ya yi wa baƙonsa ƙarya ko da bai ƙara harafi ɗaya ba, kuma mun sha ganin yadda irin wannan ke haddasa gaba tsakanin malamai da almajiransu. Magana zarar bunu ce, wanda ya ga guntun ba lallai ya ga gyaran ba. Saboda haka ya ba da ma'auni: kafin ka watsa, ka nuna wa mai maganar, in ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan, to bismilla.

Ya kuma ja kunne a kan dogaro da dandali ɗaya. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, gwamnatin Nijeriya kuma ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Don haka kowa ya adana asalin shirinsa a wajensa, ya rarraba guntayen a wurare daban-daban.

Daga ƙarshe ya ce kada yawan masu kallon guntu ya ruɗi kowa. Abin dubawa shi ne mutum nawa suka je suka saurari cikakken shirin, domin a can ilimin yake. Ya rufe da addu'ar Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.