'Yan Daudu da Haƙƙin Zumunci



Bayan rikicin shari'a na 2000, Kiristocin Kaduna da yawa sun koma kudancin kogin Kaduna, unguwanni irin su Gonin Gora a bakin titin Abuja. Gari ya rabu, amma masu zuwa coci da masu zuwa masallaci sun yi tarayya a abu guda: korar ɗan da aka haifa namiji, ya taso yana jin kansa mace.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin 'yan daudu. Suna soya kaji, suna tuƙa tuwo a tashoshin mota. Da yawansu na salla da azumi, wasu har sun sauke farali. Dokar hana auren jinsi ɗaya da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ƙara tura su ɓoye.

Wanda aka kora yakan kwana yana tuhumar kansa. Ya aiko wa mahaifiya kuɗin cefane ta hannun ƙanwa, a karɓa, amma ranar suna ba a gayyatarsa.

Iyaye, hisabi na Allah ne, zumunci kuwa a wuyanmu yake. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku kira ɗanku, ku ji lafiyarsa.