Littafin da ke maida mai fyaɗe ango

Jawabin kwamitin ilimi a ranar bikin ƙungiya

Shugaba, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na Unguwar Rogo, da mazajenmu da za su karanta wanga jawabi a gida, barkanmu da ganin wannan rana. Ma'aji ta gama lissafin adashe da ribar man gyaɗa. Mu kuma kan littattafan soyayya za mu yi magana.

Kada a ɗauka gaba muke da su. Da yawanmu da su munka ƙware da karatun boko, lokacin da ake hayar littafi a karance shi a dare guda da fitilar ƙwai. Yanzu ya koma waya. A biya 'yan ɗaruruwan naira a shiga zauren WhatsApp, ko a buɗe Wattpad, ko a kunna mai karantawa a YouTube ana tuyar ƙuli-ƙuli. Kuma wayar da munka saya don tallar haja, ita ɗiyanmu ke ɗauka in mun yi barci.

Mun karanta wasu daga cikin na yanzu, kuma wallahi ranmu ya ɓaci. Ga yadda labarin kan tafi. Namiji mai kuɗi, mai zafin rai, ba ya dariya. Ita kuma marainiya ce, ko 'yar aikin gidansu. Ya yi mata fyaɗe. Marubuciya ta ɗauki shafi bayan shafi tana zayyana daren, ciwon da ya biyo baya kuwa layi biyu ya ishe ta. Sai a ce wai asiri aka yi mishi, ko abin maye aka zuba mishi a lemo, ko wata ce ta taɓa yaudararshi. Kafin ki ankara tausayinki ya koma wajenshi. Ya rame, ya yi kuka, ya sayo mota, dangi su rufa asiri da ɗaurin aure, a babi na ƙarshe ga tagwaye ana Umra. Ba asibiti, ba alƙali, ba wanda ya tambaye ta ko tana iya barci.

Ba mu ce kada a rubuta fyaɗe ba. Yana faruwa, kuma sau da yawa mai yin ba baƙo ba ne. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta auren dole tun 1990 a Wa Zai Auri Jahila?, ba ta ɓoye muguntar da aka yi wa Abu ba. Amma ba ta sa yarinyar ta ƙare da son wanda ya cuce ta ba, hanyar karatu ta buɗe mata. To, yarinyar da ta karanta irin na yanzu guda ashirin, ranar da wani ya taɓa ta, me za ta ɗauka? Cewa haƙuri za ta yi, wataƙila so ne.

A 2007 an ƙona littattafai a Kano, ba a daina rubutawa ba, balle yau da littafin ba shi da takardar da za ta ci wuta. Ƙwace waya ma ba ya yi, ta ƙawa tana nan.

Abin da labaran ke tsallakewa shi muke so kowace uwa ta riƙe. Jihar Sakkwato ta sa hannu kan dokar hana cin zarafi da dokar kare yara a 2021. Akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru, inda ake duba wadda aka yi wa fyaɗe. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, don haka kwana uku na shawarar dangi asara ce. Kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin kafin likita ya gani.

A zaman wata mai zuwa, bayan zubin adashe, kowace ta tambayo ɗiyarta sunan littafin da take karantawa, ba da faɗa ba, ta zo muna da shi. Za mu zaɓi guda mu karanta tare da 'yan matan. Waɗanda ba su iya boko ba, akwai masu karanta musu. Marubutan kuma lambobinsu na saman kowane babi, nan muke tura musu kuɗi, nan za mu tura musu abin da munka gani.