Jawabin Yaye Ɗaliban Yaƙi da Jahilci a Gure



Tun daga 1963, lokacin da hukumar Nijar ta ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci, mizanin da aka fi auna ɗalibi da shi shi ne karatu da rubutu da lissafi. Alhali kuwa akwai wani ilmi wanda harafi kaɗai ba ya ɗaukarsa, wato adabin majalisa, da jure sauraron wanda ka ƙi ra'ayinsa, da faɗin gaskiya ba tare da cin mutunci ba. Wannan ilmi, da zane muka koyar da shi.

A kan share fili, a ja taswirar gari da kara, tsakuwa ta zama rijiya, ƙwallon dabino ya zama kwari, a zuba toka inda burtali ya bi. To, idan tokar makiyayi ta ratsa gonar da manomi ya shata, maimakon kowa ya zura wa abokin husumarsa ido, sai idanu duka su koma ƙasa, a yi ta musu a kan layi har a matsar da shi, kuma ba mai magana sai wanda karan ke hannunsa. A ƙasar Muniyo, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa ke shan rijiya guda, fa'idar wannan ba ƙarama ba ce, domin zane ba ya neman tafinta.

Ƙungiyar ActionAid ta fara jarraba irin wannan usulubi a 1993 a Uganda da Bangaladash da El Salbado. Amma ga waɗansu dattawanmu da suka ce da farko wasan yara ne, hujjarmu ta fi haka tsufa, domin ya tabbata a hadisin Ibn Mas'ud cewa Manzon Allah ya zana layi ya fahimtar da sahabbansa hanya madaidaiciya.

Ina roƙon Maigirma Perefen Gure, idan kwamitin sha'anin filaye zai zauna kafin damina, a gayyaci waɗannan ɗalibai da karansu. Yanzu sai a taso ɗaya bayan ɗaya a karɓi takardar shahada, iyayenmu mata su fara.