Yaran da Ke Ƙirga Tsuntsaye: Jawabi a Taron Shekara



Zaman birni ya sa da yawanmu mun manta cewa fadamar Haɗeja zuwa Nguru masauki ce ta tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai kowane hunturu. Dominsu Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989.

Muna 'yan sakandare, mukan laɓe a bakin ruwa da asuba, da madubin hangen nesa na aro, muna ƙirga kirinjijiya da dinya. Wata rana 'yan sintiri suka tasa ƙeyarmu zuwa gidan mai unguwa, wai shanun mutane muke leƙa wa ɓarayi. Dattijon ya sa aka karanta masa littafinmu, ya yi murmushi, ya ƙara mana sunayen tsuntsaye uku.

Yau kacala ta toshe hanyoyin ruwa, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke raya fadama. In babu masu ƙirga, ba za mu san abin da muke rasawa ba. Muna roƙon wannan ƙungiya ta saya wa makarantunmu madubai, ta kuma gabatar da yaran ga masu unguwanni tun kafin su fita.

Allah Ya albarkaci garinmu.