Jelar Ƙwayar Cuta Da Injin Da Ke Juya Ta



An ce in yi magana a kan kimiyya, kada kuma in daɗe. To, a kan jela zan yi magana. Ba ta saniya ba, ta ƙwayoyin nan da ake kira bakteriya, waɗanda sai an jera kamar 500 kafin su cika milimita ɗaya. Da yawansu suna iyo da jela, har da mai kawo amai da gudawa, wato kwalara, da ta taifot, da mai haddasa gyambon ciki.

Da can masana sun ɗauka kaɗa jelar suke yi kamar kifi. A 1973 Howard Berg da Robert Anderson a Amurka suka ce a'a, juyawa take yi kamar farfela. A 1974 Silverman da Simon suka tabbatar da haka: suka liƙe jelar a jikin gilashi, sai ga ƙwayar da kanta tana juyi kamar katantanwar yara.

A gindin jelar akwai inji kafe cikin fatar ƙwayar. Ba ya shan fetur. Wasu sinadarai masu cajin lantarki ne ke kwararowa daga waje zuwa ciki, su tura shi, yadda ruwan Shiroro ke juya injinan wuta. Ita kwalara da sodiyam take aiki, wanda ke cikin gishirin miya. An auna injin wata 'yar'uwarta da ke zaune a teku yana juyi 1,700 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da 100,000 a minti. Direbobin da ke cikinmu sai su gwada da na motarsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ginin. Mu jikokin Babban Gwani mun san ba a ɗora soro kafin tushe. Ƙwayar takan fara kafa inji, sannan wata 'yar gwiwa mai lanƙwasa, sannan jela. Akwai sinadarin da ke auna tsawon gwiwar, kamar magini da igiyarsa. Akwai kuma wani mai gadi da ke hana a fara yin tubalan jela. Sai gwiwa ta kammala ake tura mai gadin waje ta cikin bututun da aka gina, daga nan aiki ya buɗe. Tubalan, kimanin 20,000, ta cikin ramin jelar suke bi ɗaya bayan ɗaya, kowane ya je ya zauna a can ƙarshe. Wato daga baki take tsawo, ba daga gindi ba kamar gashin kanmu.

Tuƙi fa? Ba ido, ba ƙwaƙwalwa. Ƙwayar E. coli da ke hanjinmu in ta juya injinanta ta gefe guda, jelolinta su haɗu ta miƙe. In ta juya su ta ɗaya gefen, su warwatse ta yi tangaɗi ta fuskanci wani wuri. In tana jin abinci na ƙaruwa sai ta rage tangaɗi, in yana raguwa ta yawaita. Shi ke nan dabarar.

Wani zai ce ina ruwan Ƙofar Gayan da wannan? Da jelar nan kwalara ke ratsa yauƙin hanji ta isa bango, ta zuba dafinta. A 1991 ta kama mutum sama da 59,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 7,000. A 2021 waɗanda aka lissafa sun haura 100,000. Kuma tun kafin sakamakon gwaji ya fito, ƙwararren ma'aikaci in ya ɗiga bayan gidan majinyaci ƙarƙashin madubin likita, ya ga ƙwayoyi suna fizga kamar kibiya, zai iya zargin kwalara nan take. A asibiti irin namu na Gambo Sawaba, a tsakiyar damina, sa'o'in nan ba ƙaramin abu ba ne.

Ita jelar ta yi siririn da madubin makaranta ba zai nuna ta ba, amma zai nuna motsin. Ɗigo ɗaya na ruwan kududdufin bayan gida ya isa darasi, kuma yaron da ya ga abin da ke iyo a ciki ba sai an roƙe shi ya tafasa ruwa ba. Saboda haka, ranka ya daɗe Shugaba, ina roƙon a sa sayen madubai biyu na ɗakin kimiyya cikin kasafin ƙungiya na bana. Ma'aji ya rubuta sunana a farkon masu ba da gudummawa.