Aikin Gayya a Zamanin Kwamfuta: Ba da Gudummawa ga Buɗaɗɗun Manhajojin Sadarwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake gina manhajojin da ke ɗauke da saƙo a intanet, da yadda ɗalibin da ke zaune a Ƙofar Durbi zai iya sa hannu cikin ginin, da kuma sharaɗin da ake gindaya masa kafin a karɓi aikinsa, watau gwaji.

Duk wanda ya aika kuɗi ta wayar hannu, ko ya biya kuɗin rajista a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, saƙonsa yana bi ta cikin wasu ƙananan manhajoji da ake kira taskokin umarni. Mai rubuta manhaja ba ya sake ƙirƙiro hanyar aika saƙo, sai dai ya ɗauko ta a shirye daga irin wannan taska. Da yawa daga cikinsu buɗaɗɗu ne, ma'ana kowa yana da iznin karanta rubutunsu, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ya kafa harsashin wannan tsari da shirin GNU a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991. Manhajar curl, wadda Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin ya fitar da wannan suna a 1998, tana cikin wayoyi da motoci da talabijin a ko'ina cikin duniya.

Bakatsine ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Ganuwar birnin nan hannu da yawa suka ɗaga ta, amma ba kowa aka bari ya shige ta yadda ya ga dama ba. Akwai ƙofa, akwai mai tsaronta. Haka abin yake a nan. Mai son ba da gudummawa yakan kwafo rubutun taskar da manhajar Git, wadda Torvalds ya rubuta a 2005, ya yi gyaransa a kwamfutarsa, sa'an nan ya miƙa wa masu kula da taskar. Su ne za su duba, su karɓa ko su mayar masa.

Kafin ya miƙa, lalle ne ya gudanar da gwajin ɗaiɗaiku. Wannan wani ɗan gajeren umarni ne da ke kiran sashe guda na taskar, ya ba shi abin da aka riga aka san amsarsa, ya gwama abin da ya fito da abin da ake tsammani. Kamar magini ne da ke duba kowane tubali kafin ya aza shi. Akan gudanar da tsofaffin gwaje-gwaje tun kafin a taɓa kome, a sake gudanar da su bayan gyara, domin a tabbatar sabon aiki bai rushe tsoho ba. Sa'an nan a ƙara sabon gwaji wanda zai tsare gyaran nan gaba.

Alal misali, a ɗauki kalmar “Ƙofar”. Haruffanta 5 ne, amma a tsarin UTF-8 tana cin bayit 6, domin harafin Ƙ shi kaɗai yana cin 2, kuma a adireshin intanet akan rubuta shi %C6%98. Taskar da ta ƙidaya haruffa a inda ya kamata ta ƙidaya bayit za ta datse ƙarshen kalmar. Wanda harshensa Ingilishi ne yana iya shekara da shekaru bai ga wannan aibu ba, alhali Bahaushe mai rubuta ɓ da ɗ da ƙ kullum zai gan shi nan take. Gwaji guda a kan wannan gudummawa ce ta gaske.

Kada a ɗauki kuskuren ƙidaya ƙaramin abu. Ran 7 ga Afrilu, 2014, aka bayyana wani aibu mai suna Heartbleed a taskar OpenSSL, wadda ke rufa asirin saƙonni. Asalinsa wata gudummawa ce da aka karɓa a ƙarshen 2011, ta fita ga jama'a a Maris 2012. Kwamfuta takan aika ɗan saƙo tare da faɗin tsawonsa, ɗayar ta maido mata da shi. To, ba a sa umarnin da zai tabbatar tsawon da aka faɗa gaskiya ne ba. Sai mugu ya aika haruffa kaɗan, ya ce suna da yawa, kwamfutar ta cike giɓin da abin da ke cikin ma'ajiyarta, har kilobayit 64 a kowace tambaya, wani lokaci har da kalmomin sirrin mutane. Shekara 2 wannan ƙofa tana buɗe. Da an gwada sashen da saƙo mai tsawon ƙarya, da an sami damar kama shi tun a gida.

Daga ƙarshe, hanya a buɗe take. An kafa ƙungiyar Open Source Community Africa a Nijeriya a 2018, ta yi babban taronta na farko a Ikko a 2020. Abin da ya rage ga ɗalibi shi ne ya zaɓi taska guda, ya karanta ƙa'idojinta, ya gudanar da gwaje-gwajenta, ya fara da ƙaramin gyara, ya yi haƙuri da gyaran da na gaba za su yi masa. Jami'o'i kuwa ya kamata su riƙa lissafa irin wannan aiki cikin makin ɗalibi.